Bilma ta fito, Tsibiri ta ɓace: yadda salula ke zaɓen sunan da za ta nuna a taswira

Duk wanda ya taɓa buɗe taswira a salula ya san abin: a buɗa yatsu biyu a kan allo sunayen garuruwa su fito, a matse su ɓace. A bayan wannan ɗan motsin yatsu akwai lissafin da ya shafe sama da shekaru 50 yana wahalar da masana, kuma shi ke yanke hukuncin garin da za a gani da wanda za a ɓoye. A kudancin Nijar, inda garuruwa ke jere kusa da juna, hukuncin ya fi tsanani.

A ɗauki misalin matashi ɗan Tsibirin Gobir da ke ci-rani a Abijan, abokin aikinsa ya tambaye shi daga ina ya fito. Ya ciro salula, ya buɗe taswira, Nijar ta cika allo. Ga Yamai, ga Maraɗi, ga Damagaram, ga Agadas can arewa. A taswirori da yawa har Bilma ana gani, ita kaɗai a tsakiyar rairayi. Tsibiri kuwa, mazaunin Sarkin Gobir, wadda ta ninka Bilma yawan jama'a nesa ba kusa ba, babu alamarta. Sai ya buɗa yatsu sau biyu ko uku, taswirar ta matso, sannan sunan ya leƙo daga gefen Maraɗi.

Wasu na ɗora laifin a kan raunin intanet, wasu kuma na ganin raini ne. Abin da ke faruwa shi ne gasar neman wuri a kan allo, kuma alƙalin gasar shi ne algoritim, wato jerin matakan lissafi da kwamfuta ke bi ɗaya bayan ɗaya har ta kai ga amsa.

Allo ƙarami, sunaye dubbai

A tsarin da ya yaɗu tun bayan ƙaddamar da Google Maps a watan Fabrairun 2005, ana jera taswirar duniya hawa-hawa. A mataki na 0, duniya gaba ɗaya na cikin falle guda mai ɗigo 256 a tsaye da 256 a kwance. A mataki na 1 fallayen sun zama 4, a na 2 sun zama 16, haka ake tafiya har wajen mataki na 20, inda ake rarrabe rufin gida da na maƙwabcinsa. Duk matakin da aka ƙara, tazarar da ke tsakanin garuruwa biyu a kan allo na ninkawa biyu.

Rubutun suna shi ne ba ya bin wannan ninki. Girmansa kusan ɗaya ne a kowane mataki, domin idan ya ƙanƙance ido ba zai karanta shi ba. Daga nan matsalar ta samo asali.

Tsakanin Maraɗi da Tsibiri kilomita goma ne da ƴan kai. A mataki na 8, ɗigo ɗaya na allo na wakiltar kusan mita 600 a wannan yanki. Ke nan tazarar garuruwan biyu ba ta wuce ɗigo 20 ko kusa da haka ba, alhali kalmar Maraɗi kaɗai na cin ɗigo 40 zuwa 50. Ko da an tura suna ɗaya dama, ɗaya hagu, ga Jiratawa, ga Madarunfa, ga Gidan Rumji, ga lambar babbar hanya, kowa na son a gan shi. A mataki na 10 ɗigo ɗaya ya koma kusan mita 150, tazarar ta kai ɗigo 80, wuri ya samu. Da za a rubuta kowane suna tun daga nesa, da allon ya zama baƙin tawada wanda ba mai iya karanta komai a cikinsa. In dambu ya yi yawa, ba ya jin mai.

Daga alƙalami zuwa kwamfuta

Matsalar ta girmi salula. A zamanin da ake zana taswira da hannu, an ƙiyasta cewa ɗora sunaye kaɗai kan cinye kusan rabin lokacin aikin. A shekarar 1962, Eduard Imhof, shahararren mai zanen taswira na ƙasar Suwizalan, ya tattara ƙa'idojin wannan sana'a a rubuce. Suna ya zama mai karantuwa. Kada ya hau kan wani suna. Kada mai karatu ya yi shakkar garin da sunan ke nufi. Wurin da ya fi dacewa shi ne dama da ɗigon gari, sama kaɗan. Garin da ke gefen kogi ko iyaka, sunansa ya zauna a gefen da garin yake: sunan Gaya a ɓangaren Nijar, na Malanbil a ɓangaren Benin.

Shekaru goma bayan haka, a 1972, Pinhas Yoeli na Isra'ila ya wallafa ɗaya daga cikin ayyukan farko kan yadda za a miƙa wannan aiki ga kwamfuta. Dabarar ita ce a ɗauki kowane suna a matsayin ɗan akwati mai kusurwa huɗu, a ba shi ƴan gurabe kewaye da ɗigon garinsa, sannan a nemi jerin da akwatuna ba za su taɓa juna ba.

A baki abin na da sauƙi. A lissafi kuwa, idan garuruwa 30 ne kawai, kowanne da gurbi 4, hanyoyin jera su sun haura biliyan sau biliyan. Kwamfutar da ke gwada hanya biliyan ɗaya a kowace daƙiƙa za ta shafe sama da shekaru 36 kafin ta duba su duka. A 1991, Michael Formann da Frank Wagner a Jamus, da kuma Joe Marks da Stuart Shieber a Amurka, sun tabbatar da cewa wannan matsala na cikin rukunin matsaloli masu tsananin wuya, waɗanda har yau ba a gano hanyar warware su cif-cif cikin sauri ba idan bayanai suka yi yawa.

Tun daga lokacin masana suka koma neman amsa mai kyau wadda za a samu da wuri. A 1995, Jon Christensen tare da Marks da Shieber sun gwada dabaru da dama, inda suka gano cewa wadda ta fi ba da sakamako ta yi kama da aikin maƙeri. Ana fara jera sunaye barkatai, a yi ta girgiza su sosai kamar ƙarfe a cikin wuta, har ana yarda da sauyin da ya ɓata tsari na ɗan lokaci, sannan a rage girgizar a hankali har komai ya huce ya zauna. Dabarar na da kyau ga taswirar da za a buga a takarda. Salula kuwa ba ta da wannan lokaci.

Wanda ya riga zama

Domin taswira ta yi motsi ba tare da kakkaɓewa ba, salula na sake zana allo kusan sau 60 a daƙiƙa ɗaya. Saboda haka manhajojin taswira suka rungumi hanya mafi sauri, mai kama da rabon wuri a ranar kasuwa. Sarkin kasuwa ya kira manyan ƴan kasuwa su fara shimfiɗa tabarma, sannan masu bi musu, duk wanda ya zo ya tarar babu fili sai ya jira wata kasuwar.

Haka manhajar ke yi. Ta jera sunaye bisa daraja, babban birnin ƙasa a gaba, sai manyan biranen jihohi, sai garuruwa, sai ƙauyuka. Ta ɗauki na farko ta ajiye. Ta ɗauki na biyu ta duba ko akwatinsa zai hau kan wanda ya riga shi. In ba zai hau ba ya zauna, in zai hau ta gwada masa wani gurbi ko ta ɓoye shi. Don kada ta ɓata lokaci tana gwada kowane suna da dukkan sauran, takan raba allo gida-gida kamar gurabun dara, ta duba maƙwabtan da ke gurbi ɗaya da shi kawai.

Wannan hanya na da aibinta. Suna ɗaya mai tsawo da ya riga zama a tsakiya na iya tare wa ƙananan garuruwa uku wuri, alhali da an gusa shi kaɗan da kowa ya samu. Amma tana da sauri, kuma tana tabbatar da cewa manyan wurare ba su ɓace ba. Kowa ya riga ka kwana, zai riga ka tashi.

Lokacin da taswira ta fara motsi

Taswirar takarda sau ɗaya ake jera ta. Ta salula kuwa ana matso da ita, ana nisanta ta, ana ja, ana juyawa. Idan manhaja ta sake rabon wuri daga farko a kowane motsi, sunaye sai su dinga tsalle daga dama zuwa hagu, suna ƙiftawa kamar fitilar da batirinta ya kusa ƙarewa. Ɗan kabu-kabun da ya hango sunan wani kantin magani, ya matso da taswira don ya ga lungun sosai, sai sunan ya ɓace masa a daidai lokacin da ya fi buƙatarsa.

A 2006, masu bincike uku a birnin New York, Ken Been, Eli Daiches da Chee Yap, sun gindaya sharuɗɗan da ya kamata taswira mai motsi ta cika. Sunan da ya fito kada ya ɓace idan aka matso, wanda ya ɓace kada ya dawo idan aka ƙara nisantawa. Kada suna ya yi tsalle, ya bi motsin taswira a hankali. Jan taswira gefe kada ya sa suna fitowa ko ɓacewa, sai dai in ya shiga ko ya fita ta bakin allo. Na ƙarshe, abin da mutum zai gani ya dogara da inda yake kallo da matakin da yake, ba da hanyar da ya bi ya iso wurin ba. Mutum biyu da ke kallon Tawa a mataki ɗaya su ga abu ɗaya.

Sun kuma kawo wata hanya ta kallon matsalar. Tun da rubutu ba ya sauya girma a allo, filin ƙasar da yake rufewa na ƙaruwa ne yayin da ake nisanta taswira. A kusa, sunan gari na rufe unguwa ɗaya. A nesa, yana rufe gunduma sukutum. Idan aka ɗauki nisa a matsayin tsayi, kowane suna ya zama kamar mazurari da aka kafa da tsininsa a kan gari, yana faɗaɗa yayin da yake hawa sama. Mazuraran garuruwa biyu maƙwabta dole su haɗu a wani tsayi. A nan ake datse ɗaya, ɗayan ya ci gaba. Tsayin da ya rage wa kowanne shi ne iyakar nisan da za a iya ganin sunansa.

Amfanin wannan shi ne ana iya yin lissafin tun da wuri a manyan kwamfutoci, salula ta karɓi sakamako kawai. A 2008, Been tare da Martin Nöllenburg, Sheung-Hung Poon da Alexander Wolff sun nuna cewa neman datsewar da za ta bar wa sunaye tsayi mafi yawa ita ma na cikin matsaloli masu tsananin wuya, suka kuma samar da dabarun kusantar amsa. A 2011 wasu masu bincike a Karlsruhe ta Jamus suka ɗauki batun taswirar da ke juyawa, irin wadda direba ke bi, inda ƙasa ke juyawa amma rubutu ke tsaye.

A ɓangaren kamfanoni ma abubuwa sun sauya. A farko, ana manna sunaye ne a jikin hotunan taswira tun daga kamfani, ta yadda in an juya taswira rubutun ma sai ya kife. A ƙarshen 2010 Google ya fara aika wa wayoyin Android bayanai zalla, salula ta zana taswirar da kanta. Manhajojin zamani irin su Mapbox da MapLibre na haɗa dabarun biyu: kowane suna na da matakin da ba zai fito kafinsa ba, sannan salula ta yi rabon wuri nan take. Don rage ƙiftawa, suna kan dushe ne a hankali cikin kusan sulusin daƙiƙa.

Zunubin maƙwabtaka da babban gari

Masu zanen taswira na da suna ga abin da ke samun Tsibiri. Suna kiransa da sunan Baltimore, birnin Amurka mai mutane sama da rabin miliyan, wanda ake yawan cirewa daga taswira saboda yana kusa da Washington, kilomita 60 kacal. A gefe guda, Alice Springs, garin da ke tsakiyar hamadar Ostireliya mai mutane kusan 25,000, na fitowa a taswirar duniya domin babu mai yi masa gasa.

Nijar na da irin wannan a fili. Jihar Agadas ta mamaye fiye da rabin faɗin ƙasar, amma a ƙidayar 2012 mutanenta ba su kai rabin miliyan ba, wato ƙasa da mutum ɗaya a kowace murabba'in kilomita. Jihar Maraɗi, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 42,000, na da mutane kusan miliyan 3.4, wato kusan 80 a kowace murabba'in kilomita. A arewa suna na da fili ya miƙe ƙafa. A kudu, daga Dogonduci zuwa Magarya, kowane suna na da abokan hamayya goma. Mirya na fakewa a inuwar Damagaram. A kan iyaka kuma gasar ta haɗa da garuruwan Najeriya: Birnin Ƙonni da Illela, Ɗan Isa da Jibiya.

Sakamakon shi ne mai kallon taswira daga nesa na iya ɗaukar hoton da bai dace da ƙasar ba, inda hamada ke da sunaye warwatse a sarari, yankin da mafi yawan ƴan ƙasa ke zaune kuma ya taƙaita a sunaye biyar ko shida.

Wa ke ba gari daraja?

Algoritim bai san tarihin Gobir ba, bai san kasuwar da ke ci ranar Laraba ba. Abin da aka rubuta masa kawai yake karantawa: wane irin wuri ne, mutum nawa ne a cikinsa, ko mazaunin hukuma ne.

Google bai bayyana cikakken ma'aunin da yake jera wurare da shi ba, kuma yana sayar wa kamfanoni damar nuna alamarsu a kan taswira a matsayin talla. A OpenStreetMap kuwa, taswirar da Steve Coast ya kafa a Birtaniya a 2004 wadda masu aikin sa-kai ke cikawa, komai a buɗe yake. Ana rarraba matsugunai zuwa birni, gari, ƙauye da ƙaramin ƙauye. Ma'aunin gaba ɗaya, wanda kowace ƙasa ke daidaitawa da yanayinta, shi ne birni daga mutum 100,000, gari daga 10,000, ƙauye ƙasa da haka. A babbar taswirar shafin, sunan ƙauye ba ya fitowa sai a mataki na 12. Tsakanin garuruwa masu daraja ɗaya, mai yawan jama'a ake fara ajiyewa, wanda ba a rubuta yawan jama'arsa ba ya koma bayan layi.

Ke nan garin da ya bunƙasa, ya samu kasuwa da makarantar sakandare da gidan likita, amma har yanzu yana rubuce a matsayin ƙauye ba tare da adadin jama'a ba, zai ci gaba da ɓuya. Bayanan hukuma suna nan: cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ta fitar da kundin RENALOC, mai ɗauke da sunayen matsugunan Nijar da yawan jama'arsu bisa ƙidayar 2012. Sai dai a wancan lokaci ƴan Nijar miliyan 17 ne da ƴan kai, yanzu kuma ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya haura miliyan 25. Garuruwa da yawa sun wuce darajar da aka san su da ita a takarda.

Zinder ko Damagaram

Ko gari ya ci gasar, saura tambayar sunan da za a rubuta. Yawancin taswirori na nuna rubutun da aka gada daga Faransanci: Zinder, Tahoua, Tessaoua, Guidan Roumdji. Wanda ya rubuta Tawa ko Tasawa a wurin bincike ba kullum yake dacewa ba. Tsawon suna ma na da tasiri a lissafi, domin dogon akwati ya fi saurin hawa kan maƙwabci. Tessaoua harafi 8 ce, Tasawa 6. Guidan Roumdji harafi 13 ne, Gidan Rumji 10. A matakin da ɗigo ɗaya ke wakiltar mita 600, harafi uku na iya rufe fiye da kilomita goma.

Kundin tsarin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Amma doka ba ta shiga cikin taswira da kanta. A OpenStreetMap kowane wuri na da gurbi na musamman na sunansa a kowane harshe, har da Hausa, kuma manhajoji irin su OsmAnd na ba mutum damar zaɓen harshen taswira. Inda ba a cike gurbin ba, manhaja na komawa ga sunan da ta tarar. Haka yake ga titunan Yamai da aka sauya wa suna a watan Oktoban 2024, kamar titin Charles de Gaulle da ya koma Djibo Bakary: sai wani ya shigar da sabon suna kafin salula ta san da shi.

Akwai kuma haɗarin sunaye masu kama. Tsibiri biyu ce a Nijar, ta Maraɗi da ta Doso, tsakaninsu sama da kilomita 300. Illela akwai ta jihar Tawa, akwai ta jihar Sakkwato. Sabon Gari da Tudun Wada kuwa ba su ƙirguwa. Idan taswira ta nuna ɗaya ta ɓoye ɗaya, mai aiko da kaya daga waje ko direban da bai san yankin ba na iya kama hanyar da ba ita ba.

Idan sunan babu shi kwata-kwata

Ɓacewar suna iri biyu ce, kuma ya kamata a bambanta su. Akwai sunan da ke cikin rumbun bayanai amma ya sha kaye a gasar wuri, wanda zai fito idan aka matso ko aka neme shi a rubuce. Akwai kuma wanda ba a taɓa shigarwa ba. Wannan ko an matso har ana ganin rumbunan hatsi a hoton tauraron ɗan'adam, babu sunan da zai fito.

Na biyun ya fi haɗari, kuma maƙwabta sun ga haka. A 2012, Najeriya ce ke da fiye da rabin masu kamuwa da cutar shan-inna a duniya. Ɗaya daga cikin matsalolin da aka gano shi ne masu allurar rigakafi na aiki da taswirorin da aka zana da hannu, waɗanda suka tsallake ƙananan ƙauyuka da rugage. An yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam aka zana matsugunan jihohin arewa, aka bi su aka rubuta sunayensu, sannan aka dinga bin sawun tawagogin rigakafi da salula. A watan Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da asalin ƙwayar cutar, kuma gyaran taswira na cikin abubuwan da suka taimaka.

Irin wannan giɓi ne ya sa a 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF, ƙungiyoyin Red Cross na Amurka da Birtaniya, da tawagar agaji ta OpenStreetMap suka kafa shirin Missing Maps, domin zana yankunan da ba su cikin taswira tun kafin bala'i ya auku. A damunar 2024, ambaliya ta kashe mutane sama da 300 a Nijar, ta shafi sama da miliyan ɗaya, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jigata. A irin wannan lokaci, mai tsara rabon agaji a ofis da direban motar ɗaukar marasa lafiya duk allo suke kallo. Ƙauyen da ke da suna da matsayi a taswira ya fi sauƙin shiga jerin waɗanda za a kai wa ɗauki.

Abin da ke hannun masu gari

Lissafin mazurari da akwatuna aikin masana ne, kuma babu dabarar da za ta sa allon tafin hannu ya ɗauki dukkan garuruwan Katsinar Maraɗi da Gobir lokaci guda. Amma bayanan da lissafin ke ci, kowa na iya gyara su.

Matakin farko shi ne mutum ya binciki garinsu. Ya rubuta sunan da rubutun Hausa da na Faransanci, ya matso da taswira har ƙarshe, ya ga ko akwai shi, ko yana daidai inda yake. A Google Maps ana iya ƙara wurin da babu, kamar makaranta, gidan likita, kanti ko tasha, ko a ba da shawarar gyara, kamfanin ya duba kafin ya amince. A OpenStreetMap rajista kyauta ce, kuma gyaran da aka yi na isa ga manhajoji da dama da ƙungiyoyin agaji ke aiki da su, har da masu aiki ba tare da intanet ba. A Nijar ma akwai matasa masu aikin sa-kai a wannan fage.

Aikin na da ƙa'idojinsa. Ba a kwafo daga Google a zuba a OpenStreetMap, domin haƙƙin mallaka ya hana. Ba a ƙara wa gari yawan jama'a ko a kira ƙauye birni don kawai sunansa ya fito da wuri, domin wasu masu gyara za su gani su mayar, kuma ƙaryar na iya ɓatar da mai rabon magani. Ba a sanya sunayen mutane a kan gidajensu. A halin tsaron da yankin ke ciki, wuraren jami'an tsaro ba abin taɓawa ba ne.

Ƴan ci-rani na da rawar takawa, domin sau da yawa sun fi na gida samun intanet mai ƙarfi, kuma sun san kowane lungu na garinsu. Ɗaliban jami'o'in Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa da ke komawa gida hutu na iya tabbatar da abin da ke ƙasa da idonsu. Abu uku ne algoritim ke tambaya game da kowane gari: sunansa, matsayinsa da yawan jama'arsa. Injiniyan da ke zaune a Kalifoniya ba shi da amsar ko ɗaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.